Na Ce 'Yata Ce Ke Gyara Wayoyin Gari, Yanzu Za A Cire Ta Daga Jami'a

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karantawa. Ina gaishe ku da ƙoƙari. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai yi sharhi ya daure ya kai ƙarshe kafin ya zage ni. Na san na yi laifi, ba sai an tuna min ba. Shawara na zo nema, wa'azi kam na yi wa kaina har na gaji.

Ni mai turara shinkafa ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Maigidana manomin rani ne, tumatir da albasa da shinkafa, duk abin da ruwan kanal, wato magudanar ban ruwa, ya bayar. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ana yi min dariya wai tsohuwa da fensir. Na toshe kunnena har na iya, wannan saƙon ma da hannuna nake rubuta shi. Shi ya sa da 'yata ta uku, bari in kira ta Zulai ko da yake ba sunanta ba ne, ta samu gurbin karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a a Kano, na tsaya kai da fata sai ta tafi. Malam, maigidan nawa, bai so ba, yayarsa kuma, Yaya Tabawa, ita ke hura wutar. Na yi faɗa, na yi magiya, har yaji na yi da furfurata, kafin ya ce to, a gwada a gani.

Ga inda na faɗi. Ni a tunanina duk wanda ya karanta kwamfuta ya iya duk wani abu mai maɓalli da haske. Ba ni kaɗai ba, duk garin haka muka ɗauka. Na cika baki a wajen injin casa, na cika a gidan suna, na ce daga yau ba mai sake kai wayarsa gyara. Wa ya aike ni? Hutun farko, Zulai ba ta gama sauke jaka ba sai ga Yaya Tabawa da wayarta da ta faɗa ruwa wajen wanki a bakin kanal.

"Ina 'yar kwamfutar? Ungo, tayar min da ita."

Zulai ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ai ba gyaran waya ake koya mana ba."

"To me ake koya muku?"

"Lissafi, da yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni."

Yaya ta yi dariya har tana dafa bango, ta juyo gare ni. "Kin ji ko? An sayar da albasa an tura yarinya koyon ba da umarni. Ai da kin bar ta a gida ta koya a wajenki, kyauta."

Jama'a, zuciya ce ta ɗebe ni. Da Zulai ta shiga ɗaki na karɓe wayar na ce, "Bar ta a nan, Yaya. Nauyinki take ji, ba ta son taɓa kayan manya a gabansu." Washegari na hau mota zuwa Garun Malam inda ba a san ni ba, na ba wani mai gyara a bakin titi, na dawo na miƙa wa Yaya waya tana haske. Na ce Zulai ta gyara. Yaya ta juya ta, ta sake juyawa, ta ɗaure ta a gefen zani ta wuce. Wallahi daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma wannan daɗin shi ya kai ni inda nake yau.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba a cikin duhu na ci gaba ba. A wannan hutun na farko na tambayi Zulai, muna shanya shinkafa a tsakar gida, na ce ta gaya min gaskiya me take karantawa. Ta ce, "Inna, kin ga mai buɗe ƙofar ruwa a kanal? Ya san yau layin wa ke da ruwa, gonar wa za a fara, in ruwa ya yi ƙasa wa za a rage wa. To ki ɗauka za a ba wani wannan aikin, wanda ba ya gajiya, ba ya karɓar goro, amma ba shi da hankali ko na sisi. Abin da aka faɗa masa kawai yake yi. In kin ce buɗe, kin manta ba ki ce rufe ba, zai tsaya yana kallo har ruwa ya cinye gonar. Wannan ita ce kwamfuta. Mu ana koya mana yadda za mu warware aiki daki-daki, mu rubuta mata shi da yaren da take ji, ba tare da mun bar kafa ba." Ta ce abin da nake dannawa a waya in saurari karatun malamai, manhaja ake ce masa, kuma mutane ne irinta suka zauna suka rubuta. Mai gyara jikin wayar yake yi wa aiki, su kuma tunanin da ke ciki suke ginawa.

Na gane, wallahi na gane sarai. Amma ta yaya zan ɗauki tunani in kai wa Yaya Tabawa ta riƙe a hannu? A garinmu karatun da ba a gani da ido ba karatu ba ne. Wanda ya karanta lafiya ya yi allura, wanda ya karanta gona ya faɗi maganin tsutsar tumatir. Ita kuwa tawa me za ta nuna?

Zulai na komawa makaranta mata suka fara kawo min wayoyi. Wannan ta daina caji, wannan gilashi ya fashe, wannan ba a jin magana. Sai in ce zan ba direba ya kai mata Kano. In na fita kai shinkafa in zarce Garun Malam, in biya daga ribata, in dawo in ce Zulai na gaishe ku. Har ta liman ta bi ta hannuna, har ta Malam kansa. Mutumin da ya ce a gwada a gani, sai ga shi a majalisa yana cewa 'yarsa injiniya ce. Yaya Tabawa ta koma cewa ai dama ita ta san yarinyar da kai. Ina jin su ina ƙunshe dariya, ina cewa a raina ai don karatunta nake yi. Don karatunta ne, ko don kar a ce na ji kunya? Ku bar ni da wannan tambayar, na san amsarta.

A hutun nan da muke ciki, bayan la'asar, Malam ya kira mu ni da ita, fuskarsa fal murna. Ya ce ya kama shago a bakin titi a Kura, kafinta har ya kafa katako. Ya ce, "Karatu ya yi albarka. Tunda hannu ya iya, me kuma za a koma yi? Ki zauna kusa da mu ki ci guminki."

Zulai ta ce, "Baba, shagon me?"

"Na gyaran waya mana."

"Baba, wallahi ban taɓa buɗe cikin waya ba."

Ya dube ta. "Ta Yaya fa? Ta liman fa? Tawa da ta daina caji fa?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"Au, aljanu ne? Birni ya yi miki daɗi har kin koyi rantsuwa a kan ƙarya a gaban ubanki, don kawai ki koma?" Ya juyo gare ni. "Ke, ba ke kike aika mata ba?"

Ni da ba a taɓa rufe min baki a garin nan ba, ni da dillalan shinkafa ke canza hanya in sun hango ni, abin da na iya cewa shi ne, "Malam, a bar maganar tukuna, tuwo zai huce." A gabana aka kira 'yata maƙaryaciya, ina zaune ina gyara ɗankwali.

Daga baya na same ta a ɗaki idanu sun kumbura. Ta ce rabin hanya ta kai, yanzu ne ma aka fara abin da take so. Ta ce masu irin karatunta suna aiki a bankuna da asibitoci da kamfanoni, wasu suna tsare bayanan mutane daga ɓarayin intanet, wasu daga cikin ɗakinsu suke yi wa mutanen wata ƙasa aiki. Ita burinta ta rubuta manhajar da za ta riƙa sanar da manoman rani ranar ruwansu, a daina sare-saren da ake yi duk bayan kwana biyu a bakin kanal. Ni kuma saboda rashin ta ido na ce, "Ba za ki ɗan koyi gyaran ba cikin hutun nan, ko na caji ne?" Ta ce, "Inna, sana'a ce mai kyau, ban raina ta ba, amma ba ita na je nema ba. Kuma in na koya ai na tabbatar wa Baba ƙarya na yi masa." Sannan ta dube ni ta ce, "Inna, wa yake gyara wayoyin nan?" Na ce na bar shinkafa a wuta, na fita. Ba ta sake tambaya ba, kuma rashin tambayar ya fi min zafi. Tun ranar in ta gaishe da ubanta ba ya amsawa.

Ga tsaka mai wuyar da nake ciki. In na yi shiru, Malam zai ce ta gama koyo, ya zaunar da ita a shagon da ba ta san komai a kansa ba, ta tozarta a ranar farko. In na faɗi gaskiya, zai ce ashe duk wannan zaman ko waya ba ta iya gyarawa ba, karatun banza ne, ya cire ta. Kuma da wane baki zan sake tsaya mata, bayan an san ni ce na yaudari gari har da liman? Maganata ce kaɗai ta kai ta jami'a, ita ce kuma na zubar. Kunyar kaina ba ta dame ni kamar da ba, a yi min waƙa a gidan biki in an ga dama. Karatun yarinyar nan nake tsoro.

An kusa komawa makaranta, Malam kuma ya ce ranar kasuwa mai fenti zai zo ya rubuta sunanta a ƙofar shagon. Ku da kuka yi wannan karatun, ko 'ya'yanku suka yi, da wace magana ake fahimtar da manomi amfanin abin da ba zai gani da ido ba sai nan gaba? In fara durƙusa wa 'yata, ko in fara da ubanta? Don girman Allah ku gaya min, me zan yi?