Tambaya Arba'in da Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Na koma aiki. An ba wani teburin marigayi maigidana, Injiniya. Ban kalli wajen ba. Na ci gaba da buga bayanan gyaran famfon sola ina ɗorawa a shafin kamfani na intanet.

Laraba, 5 ga Maris
Oga ta ce a gyara shafin ma'anoni. Ƙa'idarsa ita ce, in ka ci karo da sunan da aka taƙaita zuwa haruffa ba ka gane ba, ka rubuta a can, wanda ya sani ya amsa. Sunan mai tambaya yana fitowa a gefe.

Shekara tara ban taɓa tambaya ba. A aji uku na bar sakandare, kuma ba wanda ya sani. A gida nake tambayar maigidana, ina wanke-wanke yana jingine da ƙofar kicin. Washegari sai ya rubuta a shafin da sunansa. Yakan ce, "In ke ba ki gane ba, masu gyara na can nesa ma ba su gane ba."

Alhamis, 6 ga Maris
Dogo, mai zanen shafin, ya ƙirga. "Allah Ya jiƙan Injiniya, tambaya arba'in da bakwai. Har abin da ɗan koyo ya sani." Aka yi dariya. Ya ce, "Anti, a gida ma haka yake?"

Na yi murmushi. Murmushi fa na yi.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban iya cin abinci ba.

Talata, 11 ga Maris
Sabon littafin gyara ya zo da wasu haruffa uku da ban taɓa gani ba. Na buga su yadda suke. Da rana wani mai gyara ya kira, ya ce yana gaban famfo, mata sun yi layi da jarkoki, me haruffan nan suke nufi? Na ce ba na jin sa sosai. Na kashe. Ras nake jin sa.

Da yamma ina wanke-wanke na juya wajen ƙofa, har na buɗe baki.

Laraba, 12 ga Maris
Na rubuta haruffan a shafin. Na goge. Na sake rubutawa. Sunana ya fito, baƙi wuluk, kamar ya fi na kowa girma.

Dogo ya amsa cikin minti biyu. Ya leƙo ya ce, "Anti, wannan ai irin tambayar Injiniya ce."

Na ce, "Waɗancan ma nawa ne. Duka."

Ya daɗe yana kallon allon kwamfutarsa. Na kira mai gyaran, na karanta masa amsar sau biyu.

Jumma'a, 14 ga Maris
Akwai sabbin tambayoyi huɗu a shafin. Ɗaya ta Dogo ce. Biyu nawa. Saboda masu gyara ne kawai.

Na wanke kwanuka ban juya ba.