Ƙarar da Ba ta Motata Ba Ce

Daga: Perdamen Sitepu, direban motar kaya,
Ƙauyen Kuta Rimo, Sumatra ta Arewa.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ofishin Gwajin Motocin Kaya na Gunduma.

27 ga Maris, 2023

Game da: Kayar da motata a gwaji har sau biyu bisa wata ƙara a gabanta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni ne mai tsohuwar motar nan ruwan ɗorawa da aka rubuta wa Rehulina a goshi, sunan marigayiya mahaifiyata. Shekara ashirin da shida tana sauko da kabeji da lemon manoman ƙauyenmu zuwa kasuwa, da farko a hannun mahaifina, Ndapet Sitepu, yanzu a hannuna. Takardar ofishinka ta ce idan ta faɗi gwaji na uku ranar Litinin, 3 ga Afrilu, za a soke izininta na ɗaukar kaya.

1. Zan fara da nawa laifin. A watan Fabrairu na canza kayan ƙafar gaba, wato bushin da tayarod da shokozoba, da hannuna, a ƙofar gida. Da na sauke ta daga jak, sai ta riƙa ƙwas-ƙwas duk lokacin da na faɗa rami ko na karya sitiyari hagu. Kwana huɗu ina kasa kunne ban gano ba. Mahaifina ne ya gano. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma ƙugin inji ya cinye masa kunne tuntuni, don haka da tafin hannu yake sauraron mota. Ya kwanta a ƙarƙashinta, ina juya sitiyari, yana dafa ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan notin bushin. Ashe na ɗaure su ne tayoyin suna reto a sama, alhali sai nauyin mota ya zauna ake ɗaurewa. Ya ce mini kaina na kabeji ne, muka gyara. Tun ranar ba ta sake yin ƙara a kan hanya ba, da kaya ko babu.

2. Ranar 6 ga Maris na kai ta gwaji, aka tura ni rami na biyu cikin ramukan da jami'ai ke shiga su duba ƙarƙashin mota. Da faifan ƙarfen gwaji da ake ɗora tayoyi a kai ya fara jijjiga tayoyin gaba, sai ga ƙara. Jami'in ya tambayi hatimin garejin da ya yi aikin, na ce a gida aka yi. Bai ko sauka ramin ba ya rubuta "ƙara a gaba", bai kuma faɗi wane ƙarfe ba ne.

3. Na zargi kaina, tunda na taɓa yin kuskure. Na koma gida na kwance duk abin da na ɗaura, na canza har waɗanda lafiyarsu ƙalau, na sa giris, na bi kowane noti sau biyu. Sati biyu motar tana kan katako, kabejin maƙwabtana yana tafiya a motar wani.

4. Ranar 20 ga Maris na dawo tare da mahaifina. Rami na biyu kuma, ƙarar ma ta dawo. Tsohon ya durƙusa ya dafa taya, ya dafa gatarin da ke riƙe tayoyin, ya girgiza kai. Sai ya ɗora hannu a kan faifan ofishinka na hagu, ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dafa. Ranka ya daɗe, faifan ne yake bugawa, kusoshinsa sun saki.

5. Da na sanar da jami'in cikin ladabi, ya yi dariya, ya kira abokan aikinsa su zo su ga kurma yana farautar ƙara. Ya ce a fitar da Kaka waje kafin mota ta taka shi. Mahaifina bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ga bakunansu. Ni da na ji, ban ce komai ba saboda takardata tana hannun mutumin, kuma wannan shirun yana cina har yau.

6. Direbobi uku sun gaya mini a shagon kofi cewa kowa ya san halin faifan, sai dai idan mutum yana da hatimin gareji, jami'an ba sa jin ƙarar. Na roƙe su su sa hannu a wannan takarda. Kowannensu yana da gwaji a gaba, ban kuma ga laifinsu ba.

7. Na je ofishinka ranar 21, da 23, da 24 ga wata. An ce kana taro, an ce ka fita zagaye, a na ukun aka ce in rubuto. Ƙungiyar manoman da nake ɗaukar wa kaya kuma ta sanar da ni cewa ba za ta iya jiran motata ya wuce 3 ga Afrilu ba.

Saboda haka, ba alfarma nake nema ba, ba kuma na neman a hukunta kowa. Ina roƙon a gwada motata a rami na ɗaya. Idan hakan ya saɓa wa tsari, ina roƙon ka sauko da kanka, ko ka aiko wanda ka yarda da shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan faifan hagu na rami na biyu yayin da yake aiki. Ba zai ɗauki minti ɗaya ba.

Gaskiya ban sa rai wannan takarda za ta iso teburinka kafin Litinin ba. Na rubuta ne don kada a ce ban rubuta ba. Mahaifina bai sake taɓa motar ba tun ranar 20, sai jiya da safe da ya nemi sukundireba, ya hau kan bamba, ya kwance allon da ke ɗauke da sunan mahaifiyata. Ya ce idan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo, ba da sunanta za su tafi ba. Allon yana jingine a ɗakinsa, notinsa huɗu kuma suna aljihuna, ko da za a dace.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Perdamen Sitepu