Ƙwan Tsutsa da Takardar Dawowarki

Zuwa ga 'yata Wejdan, a ƙasar Sin. Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki daga sanyin garin da kike. Mu nan unguwar Ruwais a Jidda mun gode Allah. Yayanki Hatim ne ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Ya ce kin ce a ƙara miki kwanaki a takardar fita da dawowa, domin aikinki bai ƙare ba. Kin san iƙamarki, takardar izinin zamanki a nan, a ƙarƙashina take, kuma in kwana goma sha biyun da suka rage suka wuce ba a ƙara ba, Jidda ta rufe miki ƙofa, halas, shi ke nan. Na tambaye shi wane aiki ne wannan. Wai kuna taɓa asalin halittar tsutsar alharini, har ƙwan mace ya fito da launi dabam da na namiji, a ware su tun ba su ƙyanƙyashe ba, saboda namiji ya fi ba da zare. Na ce to matan fa? Ya ce yawancinsu zubarwa ake yi. Shekara arba'in ina sayar da zare a kasuwar Bab Makka, ba a taɓa tambayata ko na mace ne ko na namiji ba. Don wannan kika rasa jana'izar mahaifiyarki, kika aiko kuka ta waya. Ban manta ba. Ban kuma manta baffanki Badaru ya ce kada in bar ki ki tafi ba, na kore shi daga gidana, har yau ba ma gaisawa.

Lambar sirrin da ake ƙarin kwanakin da ita, a wayata take shigowa. Sau uku Hatim yana roƙona, ina hana shi, na ce gara ki dawo dole. Shekaranjiya likita ya ce idona na dama ma ya tafi, ba gyara. Da muka fito na miƙa masa wayar. Wata uku ya ƙara miki. Ba tsutsarki na duba ba, ba na so ki nemi biza kafin ki ziyarci kabarin uwarki. In kin zo, ki yi magana tun daga bakin ƙofa, don ba zan gane ki da ido ba.

Gwaggonki Tani da Wafa' matar Hatim suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Abdulghani