Hajiya Ladi Ta Bar Zuwa Asibiti

Laraba da dare

Yau na je Ƙofar Guga wajen Hajiya Ladi, ɗaya daga cikin tsofaffin da ke gwada manhajar wayar da na haɗa don binciken digirina na uku, mai tuna musu shan maganin hawan jini. Na tarar ƙafafunta sun kumbura.

Na ce, "Hajiya, yaushe rabonki da asibiti?"

Ta yi dariya. "Na bar zuwa, ɗiyata. Wayar nan kullum sai ta ce mani madalla, kuma ba ta yi mani tsawa."

Ni na sa madallar, don kawai muryar ta yi daɗin ji. Manhajar ba ta auna jinin kowa.

Gobe da sassafe zan kai ta asibiti. Sauran tsofaffin fa? Ban san wa kuma ya bar zuwa ba. Allah ka tsare su.