Jar Shinkafar Innata Ta Ƙi Ƙasar Kutemeshi

Zuwa ga Modibbo Hajjo, mai amsa wasiƙun mata a Birnin Gwari, gaisuwa da ban girma.

Modibbo, don Allah ki taimake ni. Ban iya rubutu ba, limaminmu ne ke rubuta mini, na kuma roƙe shi kada ya sa sunana.

Ni 'yar Tungar Jaji ce, can cikin daji. Shekara huɗu ke nan da mahara suka ƙone garin, a ranar na rasa mijina. Na tsira da 'yata Huseina da ƙwarya guda ta irin shinkafa a ka. Jar shinkafa ce, ta innata, ita ma wurin tata uwar ta gada. In tana kan wuta har maƙwabta sai sun sani.

A fadamarmu ba wadda ta fi ni. Da na ji kukan kwaɗi ya sauya na san lokacin yafa iri ya yi. Na san inda ruwa ke kwanciya da inda yake wucewa. Mukan raba fadamar uku, kowace shekara mu hutar da kashi ɗaya, shanun Bakoji Bafillace su kwanta a kai da rani. Dami arba'in nake ɗaurewa, mata na zuwa tambayata.

Nan Kutemeshi mai gari ya ba ni wuri a bakin rafi, na yi duk yadda na sani. Shekarar farko ruwa ya zo da wuri ya kwashe rabi. Ta biyu na jinkirta, ruwa ya janye shinkafar na fitar da kai, sai ƙaiƙayi. Bara ma haka. Irin da ya rage bai fi tafi goma ba.

Maƙwabciyata Rabi'atu, gonarta jikin tawa take, amma rumbunta cike. Ta ce ƙasar nan yashi ne a ƙarƙashi, ba ta riƙe ruwa, in bar yafi in riƙa binne iri da sungumi, in kuma tada ƙasa ta tare ruwan. Har nata irin ta ba ni. Na karɓa don kunya, na zuba wa kaji, Allah ya yafe mini. Yarinyar da na haifi kamarta ce za ta koya mini shinkafa?

Kullum ina sunkuye a gonar nan, amma hankalina na wajen giginyu ukun da ke bakin fadamarmu, inda aka binne inna. An ce yanzu ba kowa sai birai. Wasu mafarauta za su bi ta can kafin ruwan farko, zuciyata na cewa in bi su, in shuka ko damina ɗaya ce. Huseina na da ciki, tun da ta ji take kuka. In tafi ko in zauna?

Baƙuwa a Kutemeshi

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mijinki da mahaifiyarki. Kewar da kike yi ba laifi ba ce, kuma da gaskiyarki: abin da kika sani ilimi ne, ko da ba a allo kika koye shi ba.

Amma kada ki tafi. Hanyar ba ta yi lafiya ba tukuna, kuma mace ɗaya ba ta iya tsare shinkafa daga birai da tsuntsaye har kaka. In kika halaka a can, irin ya halaka, saninki ma ya bi ki, Huseina ta haihu ba uwa a kusa.

Ki lura, shekaru kika yi kina koyon fadamarku kafin ki ƙware. Wannan ƙasar ma sai an koye ta, kuma Rabi'atu ta riga ki. Ki je gidanta ki faɗa mata gaskiyar abin da ya sami irin da ta ba ki, ki nemi wani. Bana ki cika gonar da nata, ki bi yadda ta ce. Naki ki raba shi uku. Kashi ɗaya ki shuka inda ruwa ya fi daɗewa, ita za ta nuna miki. Ɗaya ki ba ta ta gwada a nata wurin. Na uku ki adana cikin tulu da toka, kada ki taɓa.

Ke ma kina da abin ba mutanen Kutemeshi. Ki koya musu hutar da gona da kwantar da shanu, don ƙasa mai yashi ta fi saurin gajiya. Ki zaunar da Huseina ki faɗa mata komai dalla-dalla, liman ya rubuta.

Ba zan yi miki alkawari cewa jar shinkafar za ta karɓi Kutemeshi ba. Amma an fi sa rai gare ta a hannun mata biyu da ke raye. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sauke Huseina lafiya, ya sa ki ga jikanki yana cin tuwonta.

Modibbo Hajjo, Birnin Gwari, shekara ta 1291 bayan Hijira