Kabarin Baba a Littafin Bature

Ƙasar Zaramo, Tanganyika
4 ga Maris, 1936

Zuwa ga yayata Mwanaidi, a Tanga.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in ruwa ya sauka? Mu nan ƙalau muke. Inna ta ce busasshen kifin da kika aiko ya iso, amma gishirinsa ya yi yawa. Kin dai san ta.

Yaya, tun safe nake huci ni kaɗai a ofis. Kin tuna dogon Baturen nan, Mista Wenlok, wanda ya sauka a gidan Di'o shekarar da Baba ya rasu, aka haɗa ni da shi in riƙa yi masa tafinta? Ashe littafi yake rubutawa a kanmu. An buga shi a ƙasarsu, jirgin ruwan makon jiya ya kawo wa Di'o guda, shi kuma ya miƙo mini yana murmushi, wai in duba in ga kaina.

Na kuwa ga kaina. Wai ni yaro ne mai biyayya, mai ido irin na kare mai son ubangidansa. Ni da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya babi na tara ne, wanda ya sa wa suna "Mutanen da Ba Su San Kuka Ba". Jana'izar Baba ce tun daga farko har ƙarshe.

Ke ba ki iso ba sai ranar uku, bari in gaya miki yadda aka yi. Tsoho Mihambo da mutanensa 'yan Nyamwezi, abokan wasanmu, su suka haƙa kabari kamar kullum, su suka ɗebo ruwa, matansu suka yi girki. Da aka kawo gawa, Mihambo ya faɗa cikin ramin ya zauna, ya ce ba ya fita sai an ba shi kaza. Yana ciki yana cewa, "Ku Zaramo ai na san ku, ina juya baya za ku tono shi ku yi miya. Amma wannan ƙashi ne zalla, ko romo ba zai yi ba." Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska, aka ba shi kazarsa, ya fito, shi da kansa ya karɓi Baba ya kwantar da shi. Baturen yana bayana, ya taɓa ni ya ce me tsohon ke faɗa. Ni kuwa ubana ake binnewa. Na juya masa maganar kalma da kalma, ban ƙara komai ba. Bai ko zo mini a rai ba cewa akwai baligin da ke bukatar a gaya masa wasa ne.

To ga shi nan a rubuce. Wai wani dattijo mai gaskiya daga wata ƙabila ya shiga kabari don ya kare gawa daga danginta, ya kuma tona asirinmu a gaban kowa, mu kuma muka yi dariya don ba mu da kunya. Har sunan Baba ya sa, Kondo, bai ko kuskure harafi ba. Mutumin da wata tara yana kirana Somali maimakon Shomari.

Ban gaya wa Inna ba. Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Shomari


19 ga Afrilu, 1936

Yaya Mwanaidi,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na ji daɗi da zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Kin ce in jefa littafin a masai in huta. Da guda ɗaya ne, da na yi.

Magana ta girma. Wasu mata a can ƙasarsu, masu ƙungiyar tausayin baƙar fata, sun karanta babi na tara sun kasa cin abinci. Suka rubuta wa manyansu, manyan suka rubuto birni, birni ya rubuto wa Di'o: shin gaskiya ne a ƙasar da yake riƙe ana cin gawa? Ana son amsa da shaidar likita. Ma'ana, Yaya, a buɗe kabarin Baba a ƙirga ƙasusuwansa.

Abin haushin, Di'o ya san ƙarya ce. Shekararsa bakwai a nan, ya sha ganin 'yan Nyamwezi suna tare makararmu a hanya don wasa. Na tuna masa, ya ce ya sani sarai, amma shi ba marubuci ba ne, kuma abin da aka buga a littafi ba a goge shi da "na sani". Na ce to ni da aka yi abin a gabana, ɗan mamacin, in rubuta. Ya ce ai ni ake zargi. Wato wanda ya yi wata tara yana kallonmu daga kan kujerar zane, yana auna kawunanmu da igiya, shi ne shaida. Mu da abin ya shafa ba mu da ta cewa.

Di'o ya yarda dai a kira Mihambo, in ya janye maganarsa a gaban hukuma wataƙila a bar kabarin. Jiya na je gonarsa na same shi yana cire rogo. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce, "Kai ɗan maci-gawa, yanzu har Ingila ta san ku? Ai sai ku biya ni ladan shela." Na ce Baba Mihambo, ba wasa na zo yi ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, akuya yake so.

Dole na gaya wa Inna. Ta ɗauki tsintsiya ta tafi ta share kabarin. Kullum yanzu sai ta je.

Naki,
Shomari


2 ga Mayu, 1936

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin takaici nake yin sa.

Mihambo ya zo ofis ranar Talata da kwat ɗin aro. Kwana biyu ina koya masa abin da zai faɗa: wasa ne, al'ada ce tun zamanin da kakanninsa ke dakon hauren giwa suna sauka a gidajen kakanninmu. Ya haddace tsaf. Aka zaunar da shi, ga Di'o, ga likita, ga magatakarda da alƙalami, ga ni a tsaye ina tafinta. Di'o ya tambaye shi ko Zaramo suna cin matattunsu. Sai tsohon nan ya ɗago ya dube ni. Ina ganin yadda gefen bakinsa ya motsa na san mun shiga uku. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sun rage. Yanzu sai ranar Juma'a."

Shekara hamsin bai taɓa ganin Bazarame a gabansa ya bar shi ya wuce lafiya ba, bakinsa ya riga hankalinsa. Ban fassara ba. Di'o yana jin Sawahili, ya tuntsire da dariya har da buga tebur, sannan ya ce in fassara don magatakarda. Na fassara. Aka rubuta. Likitan, wanda watansa biyu da zuwa kuma ya karanta littafin a jirgi, bai yi dariya ba.

An sa ranar goma sha huɗu ga wata don buɗe kabarin. A waje na faɗa wa Mihambo maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba, kuma ba da wasa na faɗa ba. Kada ki taso, ba abin da za ki iya.

Shomari


16 ga Mayu, 1936

Zuwa ga yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na san kin ƙagu, don haka in fara da wannan: ba a taɓa kabarin Baba ba.

Sun zo da hantsi, Di'o da likita da 'yan sanda biyu da fursunoni huɗu riƙe da shebur. Gari duka ya fito. Inna tana zaune a gefe da carbinta. Muka tarar da Mihambo tsaye a kan kabarin, ba kwat, ba hula. Na ce a raina yau kuma me zai ƙara mana.

Bai dube ni ba. Ya ce wa Di'o, "Ni na haƙa ramin nan, ni na kwantar da shi da hannuna, ni na rufe. Sunansa Kondo. Abokina ne tun ba mu da gemu. Shekarar yunwa shi ya raba rumbunsa biyu ya ba ni rabi. Duk abin da na faɗa a kansa da mutanensa ƙarya ne, ban taɓa faɗin gaskiya a kansu ba sai yau. Mutanen kirki ne." Sannan ya juya wajen Inna, matar da kullum yake kira tsohuwar mayya yana cewa ta shirya ya zo biko, ya durƙusa ya kira ta da sunanta, ya ce ta yafe masa.

Yaya, ni na fassara wannan ma, kuma da ƙyar na kai ƙarshe. 'Yan Nyamwezi suka sunkuyar da kai kamar an yi masa tsirara a kasuwa. Di'o ya yi ja har kunne, ya ce wa likita ya isa, zai rubuta cewa ya bincika ya gamsu. Da suna tafiya na ji likitan yana cewa abin ya taɓa shi, bai san suna da irin wannan zuciya ba. Su wa? Ban tambaya ba.

Littafin yana nan yadda yake. Di'o ya ce an sake buga shi, kuma babi na tara ne aka fi so. Na rubuta wa Mista Wenlok shafi shida, na san inda za su ƙare.

Amma ba wannan ke damuna yanzu ba. Jiya Mihambo ya wuce ƙofar gidanmu, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar Inna, ya tafi. Bai leƙa tukunya ba, bai saci ko kwakwa ɗaya ba. Inna ta bi shi da kallo, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka zo da shebur. Yau da safe na bi shi gona, na tattaro duk abin da na iya. Na kira shi ɗan dako, jikan masu cin ɓera, na ce ƙafarsa ta fi faranti faɗi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Na gode, malam. A gaida gida."

Na ce kada ki taso, yanzu na janye. Ki roƙi maigida ya bar ki ki hau jirgin ruwa na farko. Duk gidanmu ba mai baki irin naki, ni aikin ofis ya lalata nawa. Ki zo ki zagi tsohon nan har sai ya rama. Inna ta tsufa, Yaya, kuma ba na son ranar da za mu kai ta a rasa wanda zai shiga ramin ya hana mu.

Ki gaishe da maigida da yara. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki mai jiran isowarki,
Shomari ɗan Kondo