Fuskar Albarka a Ekran

Tawa, 16 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga ƙanena Timoti,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da amaryarmu Tanna da ɗan jaririnmu Albarka, Allah ya raya mana shi. Yaya sanyin Beljik, yaya karatu? Mu nan Tawa sai godiya. Damina ta yi kyau bana, an samu hatsi har wajen ƙauyen Bambay. Albashi dai kamar yadda ka sani, sai an ga dama, shi ya sa maigidana Yahaya in ya taso daga koyarwa a lakkwal yake zama gaban ordinatar ɗin nan tashi, wato kwamfuta, yana buga wa mutane takardu, da haka muke rufa asiri.

To, disket ɗin nan, ɗan faifan ordinatar da ka aiko da hoton Albarka a ciki, ta iso, amma bari in gaya maka, ka jawo mana aiki! Ranar da ta zo munka ɗauko Inna, munka zaunar da ita kan kujera gaban ekran, wato gilashin da ke nuna hoto, murna kamar ta tashi sama. Da hoton ya fito sai ga fuskar yaro duk dabbare-dabbare, nan kore, nan ja, goshi kamar an yayyafa mashi toka. Inna ta ɗora hannu a ka ta ce ciwon fata ne, kun ɓoye mata. Yahaya ya yi ta bayani cewa laifin na'urar ne, katin da ke fitar da hoto a cikinta tsoho ne, kala goma sha shida kawai ya sani. Ta ce ina! Na'urar da ke rubuta sunan mutum daidai ba ta kuskure, ita ce za ta yi ƙarya a fuskar jikanta? Ka san Inna in ta kafe. Ta daina cin tuwo sai ɗan kunu, ta kai maganar zumuntar mata ta majami'a anka shiga yi wa Albarka addu'a, har man kaɗe ta sa anka nemo wai a aika maku. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Gaskiya na ji tsoro, don a ido ake ganin tana ramewa.

Da abin ya ishe mu sai Yahaya ya roƙi Illa, direban nan maƙwabcinmu mai zuwa Sakkwato ta Ƙwanni, ya samo mana sabon katin hoto. Anka buɗe cikin na'urar, anka zare tsohon, anka soka sabon. Da anka kunna sai ta yi ɗan kuka ta mutu, anka sake, ta sake mutuwa, har da wari kamar na ƙonannar roba. Attahir mai gyaran talabijin ya duba ya ce akwatin da ke raba wuta a cikinta, wanda suke ce wa alimantasiyon, shi ne ya gaji. Dama ƙarami ne, ɗauke wutar da ake yi kullum ta cinye shi, ba zai iya ɗaukar sabon kati ba. Haka Illa ya sake komowa da wani akwatin, Allah ya saka mashi. Shi kuma wanga ya ƙi shiga, don masu ƙera na'urar sun yi mazauninshi daidai da nasu kaɗai, ko ramin kusoshi bai hau ba. Yahaya har gumi yake yana jujjuya shi, ni kuwa ina tsaye ina ta zuba mashi surutu, ka san bakina. A ƙarshe sunka ɗora shi bisa kan na'urar, sunka ɗaure da waya, igiyoyin sunka bi ta baya. Muni kam ba a magana, amma ta tashi.

Jiya bayan sujada munka sake zaunar da Inna. Kai, Timoti, yaron nan kyakkyawa ne! Fata sumul, kumatu kamar ƙosai. Inna ta yi guɗa, ta shafa ekran ɗin, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a zubo mata tuwo. Na ce madalla, mun huta.

Sai dai ba ta tashi daga kujerar ba. Hoton da ya gyaru ai ba yaron kaɗai ya fitar ba, har da mai riƙe da shi. Da can tabon kala ya rufe ka, yanzu kuwa ga ka nan fili. Wuyanka ya zama kamar na zakara, idanu sun faɗa, agogo yana lilo a hannunka. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni a hankali ko wannan ma laifin na'ura ne. Na so in ce e, amma ban iya yi mata ƙarya ba.

Ƙanena, ban rubuto don in yi maka faɗa ba, tausayinka nike ji. Takardunka kullum lafiya lau, lafiya lau. Aikin da kake haɗawa da karatu ne, ko abinci ne babu, ko ciwo ne? Ko mene ne, gaya mini, ni yayarka ce, ni na goye ka. In komowa gida ne mafita ka komo, babu wanda zai ce ka kasa.

Yahaya yana gaishe ka, haka Baba Yakubu da Gwaggo Kande. A gaida Tanna da kyau, a sumbaci Albarka. Inna ta ce in gaida su biyun, kai kuwa ba ta gaishe ka sai ka faɗi gaskiya. Amma da na zo naɗe takardar ta kama hannuna, ta ce in dai gaishe ka, in ce ka ci abinci.

Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu.

Taka yayarka,
Debora